Asabar ɗina da agogon gudu

Hunturu ya fara shigowa Kano, yau tun asuba hazo ne ko'ina. Ina idar da sallah na ɗaura agogon na fito ƙofar gida na yi tsaye kamar mai jiran adaidaita, ina jira ya kama sigina. Baba mai gadin layinmu ya ce "Malam lafiya kuwa kake ta kallon sama?" Na ce lafiya lau Baba, tauraron ɗan adam nake jira, ya yi dariya ya koma kan rediyonsa. Kuma fa gaskiya na faɗa masa, agogon sai ya ji daga taurari aƙalla 4 kafin ya san inda kake, su kuwa suna can sama wajen kilomita 20,000. Tsarin taurarin da ake kira GPS na Amurka ne amma nawa yana haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai, shi ya sa bai cika ɓata min lokaci ba.

Na bi Zoo Road a hankali har filin da muke haɗuwa da 'yan uwa masu motsa jiki. Nan musu ya tashi kamar kullum. Mun zaga fili tare da abokina kafaɗa da kafaɗa, shi da waya a aljihu ni da agogo, muka gama wayarsa ta ba shi nisan da ya fi nawa, wai shi lallai ya fi ni gudu. Na ce mutumina layin ciki mita 400 ne a filin tsere na ƙa'ida irin wannan, zagaye 10 kilomita 4 kenan, kuma daga ni har kai babu wanda na'urarsa ta faɗi haka cif. Abin ɗigo-ɗigo yake ajiyewa a taswira sannan ya haɗa su da layi, kowane ɗigo zai iya kaucewa da 'yan mitoci, a kwana kuma abin ya fi muni. Ga shi shi yana gefen waje, wanda yake layi na 8 ai sama da mita 450 yake ci a zagaye ɗaya. Bai yarda ba dai, ni ma ban matsa ba.

Ni wallahi yanzu nisan bai dame ni ba, abin da ya biya min kuɗin agogon nan shi ne bugun zuciya. Koriyar fitilar nan ta bayansa ita ke haska fata tana karanta yadda jini ke bugawa, sai dai in madaurin ya yi sako-sako ko hannu ya yi sanyi irin na safiyar yau sai ya riƙa kawo shirme, dole ka ɗan matsa shi sama da ƙashin wuyan hannu ka ɗaure tamau. Na saita shi in na haura bugu 150 a minti ya girgiza, kuma yana girgizawa nake rage gudu har in dawo inda zan iya hira ba haki. Samari suna wuce ni suna "Yaya an tsufa kenan?" ina ce musu ku je dai, su bayan kwata ɗaya suna zaune suna shan fiya wata ni kuwa ina nan ina zagayawa. Lissafin da ake yi na iyakar bugun zuciya, wato 220 a cire shekarunka, kimantawa ce kawai, kowa da irin zuciyarsa.

Bayan la'asar na fito da keke na miƙi titin BUK. Sai ka canza shi zuwa yanayin keke tukunna, don a gudu minti nawa ka ci kilomita yake nunawa, a keke kuwa kilomita nawa a awa. Abin da ya burge ni shi ne yana tsayawa da kansa in na tsaya, in ba haka ba da go-slow ɗin Kabuga ya cinye min lissafi gaba ɗaya. Ƙura kam na sha ta, takunkumi bai hana komai ba.

Da daddare na tura komai Strava, manhajar da masu motsa jiki ke ɗora taswirar gudunsu, uwargida tana leƙowa ta ce "Abban yara wannan ba layinmu ba ne? Kowa zai gani?" Na nuna mata na ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta, taswirar ba ta zuwa ƙofar gida. Tambayarta a kan hanya take, a 2018 ai taswirar Strava ɗin ce ta fallasa sansanonin sojojin Amurka a Siriya da Afganistan saboda sojoji suna gudu da agogo a hannu, balle ni da nake fita lokaci ɗaya kullum.

Batir ya yi ƙasa, ba wuta, na jona shi a fawa bank. Cajarsa kuma irin tasa ce daban, ba wadda za ka aro a maƙota ba, don haka na ce wa yara duk wanda ya taɓa min ita ni da shi ne.