Abin da 'yan gwarin Mile 12 suka koya mini

Wata bakwai muka yi a wani ƙaramin ofis a unguwar Yaba ta Legas muna gina manhajar rubuta bashi don 'yan kasuwa. Da yake ni kaɗai ne Bahaushe a cikinmu, ni aka tura kasuwar Mile 12 wajen 'yan gwari. Na saka wa dillalai ita a waya, kyauta. Bayan sati biyu na koma, babu wanda ya sake buɗe ta.

Wani dattijo mai albasa, mutumin Aliero, ya zaunar da ni a kan benci. Ya ce, "Ɗana, mutumin da muka shekara ashirin muna ciniki, in zaro waya a gabansa in rubuta abin da nake binsa? Ai na ce ban yarda da shi ba ke nan."

Na ce, "Baba, in an manta fa?"

Ya nuna yaronsa da ke ɗinke bakin buhu. Shi ne shaida.

Maganar nan ce ta kai ni ga aikin Farfesa Susan Michie ta jami'ar UCL a Landan. A 2011 ita da abokan aikinta suka fitar da tsarin da ke cewa mutum ba ya ɗaukar sabuwar ɗabi'a sai abu uku sun haɗu: iyawa, dama, da son yi. Mu duk ƙarfinmu a kan iyawa ya ƙare, muna ta sauƙaƙa maɓallai. Baba kuwa ya iya waya sarai. Kunya da amana ne suka riƙe hannunsa, kuma waɗannan ba a koya mana su a ajin kwamfuta ba.

Ashe haɗin ilimin kwamfuta da nazarin halayyar ɗan Adam ya daɗe. Herbert Simon, wani masani Ba'amurke, ya karɓi lambar Turing ta kwamfuta a 1975, ya karɓi Nobel ta tattalin arziki a 1978 kan yadda mutane ke yanke shawara. Yau jami'o'i na buɗe guraben digiri na uku a wannan mahaɗa, inda ɗalibi kan samu malamai biyu, ɗaya masanin halayyar ɗan Adam, ɗaya injiniya. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, kuma 'yan Najeriya na iya neman tallafin Commonwealth.

Takardar nemana ta farko ta gurbin wannan digiri na cika ta da harsunan kwamfuta da na iya, ba ta je ko'ina ba. A ganina tambaya suke nema, wadda mutum ya gani da idonsa. Tawa ita ce: yaya za a ajiye lissafin bashi ba tare da an zubar wa abokin ciniki mutunci ba? Duk Asabar da sassafe ina Mile 12 da littafi da biro, ina kallon yadda ake sauke albasa a rabar ba a rubuta komai ba.