Keken da ya biyo ni daga Damagaram

Cikin kayan ɗakin da aka kawo ni Kano da su, babu wanda ya ba direba wahala kamar keken ɗinki. Butterfly ne baƙi mai takawa da ƙafa, na mahaifiyata. An kwance kansa an naɗe cikin bargo, ƙafafun ƙarfen aka ɗaure a saman mota, muka biyo ta Matamaye muka faɗa Daura, sai Kano. Da ƙannen miji suka ga ana sauke shi a Kurna, dariya har da riƙe ciki, wai Badamagariya ta kwaso tsohon ƙarfe ta kawo garin da ake sayar da sabo. Ban ji haushi ba. Wasan Kanawa da Damagarawa ya girme mu duka, tun yaƙe-yaƙen zamanin Sarkin Kano Alu ake yin sa.

Mutane suna ɗauka wanda ya taso daga Nijar zuwa Kano bai yi baƙunta ba, tunda Hausa ɗaya ce, alƙibla ɗaya. Sai ka zauna za ka gane. Maigida ya fita tun da safe sai bayan isha'i, ba wanda na sani a layin, ko kuɗin cefane sai na mayar da naira sefa a zuciyata kafin in san an yi mini sauƙi ko an cuce ni. Ƙarar keken ce ta fara jawo mini mutane. Maƙwabciyarmu ta leƙo da rigar makarantar ɗanta da ta yage a hammata, ta ce, "Amarya, ashe kina ɗinki?" Daga gyaran hammata aka koma sauya zif, daga nan sai riga da siket, kafin azumi ya kama na san ƙugun matan layinmu kafin in san sunayen mazajensu.

Awon ma sai da na sake koyo. A gida da santimita aka koya mini, nan kuwa kowa inci ya sani. Mace ta aiko yarinya da takarda an rubuta 34, in tsaya ina lissafin kowane inci santimita biyu da rabi da 'yar ɗoriya. Daga baya na juya tef ɗin na huta.

Ranar da uwar mijina ta fara kai ni Kantin Kwari, ni da nake ganin Kasuwar Dole ta Damagaram ita ce ƙarshen kasuwa, bakina ya mutu. Atamfa jibge har rufi, shadda, leshi, masu dako suna "hanya, hanya", ga Hausar Maraɗi da ta Damagaram ina jin su ta ko'ina, don mutanenmu ne ke sari. Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Kar ki yarda da kuɗin farko, kuma ki warware turmin ki ga yadi shida ne cif." Zare da allura da kwarkwaro kuwa a Ƙofar Wambai nake haɗo su.

Saƙa daban take, ita don raina nake yin ta. Hunturu na kamawa sai in ɗauko kwarashi da ulu, hular jarirai, safa, 'yar rigar sanyi. Akwai daɗi ka ga zare guda ya zama abin da jariri zai sa. Amma ulu ba shi da amana: ya ƙare miki saura hannun riga ɗaya, ki koma shagon da kika saya, a ba ki shuɗin da ake rantsuwa shi ne, ki zo gida ki haɗa a rana ki ga sun sha bamban. Sannan mai saye ta juya abin da kika yi darare a kansa ta ce, "Haba Anti, ai na China bai kai haka ba." A ganina duk wadda ta ce za ta ci abinci da saƙa a garin da gwanjo ya cika, tana wahalar da idonta ne. Ni na mayar da ita kayan barka, kuma a nan take da daraja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bashi. Da zarar an saba da ke sai a ce, "Ke ai ta gida ce." A kawo anko ana saura kwana biyu biki, ki hana idonki barci, ki hura gawayin dutsen guga kina fargabar tartsatsi ya sauka a shaddar mutane, a karɓa a ce za a aiko. Baƙuwa kuma ba ta iya ɗaga murya a kan kuɗi, kar a ce 'yar Nijar ɗin nan ta fiya son abin duniya. Gara daren sallah, in an ɗauke wuta masu keken lantarki sun yi cirko-cirko, nawa na ta tafiya da fitilar waya, ƙannen mijin da suka yi dariya suna zaune da ledojinsu suna jiran layi.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ƙanwata kuma ta haihu a lokacin. Kayan da na saƙa wa yaron suna cikin durowa har Maris na 2024 da aka buɗe, ya riga ya fi ƙarfinsu, sai jikar Hajiya ta samu. Yanzu da naira ta yi ƙasa, Inna kan bugo waya daga Damagaram in saro mata atamfa a Kwari in ba direba. Kuɗin turmi biyun ƙarshe har yau ban gan su ba.