Wanki da bugu a Kano bayan cire tallafin mai

Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ni kuwa injin wanki biyu gare ni, duk a wuyan janareta. Abokai suka ce in sa sola a huta. Da wane kuɗi?

Sai na fara da abin da ba ya cin aljihu. Ruwan ɗauraya na ƙarshe muka daina zubarwa, da shi muke jiƙa kayan da ke biye. Fararen kaya mukan jiƙa su tun dare, da safe rabin omo ya ishe su. Shadda kuwa na mayar da ita wajen bugu gaba ɗaya, dama can ba ta son dutsen guga. Ina yaro kawuna ya zaunar da ni gaban gungume, na yi watanni ina ninki kawai kafin ya miƙo mini mabugi. Yakan ce: "Kai yaro, sitati ya kama tukuna, kada ka daki rigar mutane tana kuka da ruwa." Ƙyallin da shaddar gezna ke yi bayan bugu mai kyau, babu wutar da ke ba da shi, kuma zaren aikin wuya ba ya ƙonewa. Masu karya farashi a bakin titi su ɗora dutse mai zafi su kashe wa shadda ido, sannan mai riga ya zo yana ce mini can ɗari biyar ake yi. To Alhaji, a kai can mana!

Abin da muka tara na zuba a famfon burtsatse mai aiki da sola, don da rana yake jan ruwa ya cika tanki, ba ruwansa da batir. A farantan sola biyu na farko wani ɗan kasuwa ya cuce ni, lambar da aka manna a baya daban, ƙarfinsu daban.

Da wuta ta ɗauke a Arewa fiye da mako guda a Oktoban 2024, 'yan garuwa suka tsawwala kuɗin jarka, mu kuwa tankinmu cike. Kuɗin batirin litiyom nake tarawa yanzu. Kafin nan, kullum da asuba ƙaramin yaron shago yana kan rufi da tsumma yana goge ƙurar hunturu.