Bazarar da ta kumbura mini batirin tab

Muna tsakiyar tambaya ta goma sha bakwai a darasin lissafi tab ɗina, 'yar kwamfutar hannun nan mai kama da babbar waya, ta fara ɗaukewa a hannuna. Yara shida ne zaune kan tabarma a zauren gidanmu da ke Mabera a Sakkwato, ƙanwata cikon ta bakwai, duka masu shirin jarrabawar JAMB. Wajen ƙarfe uku na rana ne, cikin watan Maris na 2024, ga azumi a baki. Sai na ga hasken gilashin ya dushe da kansa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Na danna, ba ta motsa ba. Can wani rubutu ya fito cewa na'urar ta yi zafi, a bar ta ta huce, kafin in kai ƙarshen layin ta mutu. Na zare ta daga rigarta na ɗora tafin hannu a bayanta, sai na ji kamar murfin tukunyar da aka sauke yanzu.

A watan Disamba na saye ta, ta hannu ce, lokacin hunturu na kaɗawa kowa na cikin rigar sanyi. Dalilin sayen bai wuce yaran nan ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan, kuma akwai yaron da ya san karatu sarai amma bai taɓa amsa tambaya a kan gilashi ba, ranar jarrabawa sai hannu ya ɗauki rawa. Na zuba tsofaffin tambayoyi a cikinta, suna karɓa ɗaya bayan ɗaya ana duba lokaci. Duk tsawon Janairu da Fabrairu daga la'asar har isha'i take aiki, ko ɗumi ban taɓa lura ta yi ba. Shi ya sa da ta fara wannan hali ban kawo rana a raina ba ko kaɗan. Cewa na yi ko dai wanda ya sayar mini ya cuce ni, ko kuma yaran sun jawo mata bairos.

Maganin farko da na yi mata, ina jin kunyar faɗinsa. Wata manhaja na sauko da ita mai hoton fanka da ƙanƙara, wai mai sanyaya waya. Kana dannawa fankar ta yi ta juyawa a gilashi, a rubuta maka an rage zafi, sannan talla ta biyo baya. Kwana uku ina danna abin nan da zuciya ɗaya. Daga baya na gane babu fanka a cikin tab balle manhaja ta kunna ta, kuma tallace-tallacen da take jawowa ta intanet ƙarin itace ne a murhu.

Na biyun ya fi muni. Kullum da la'asar muna sayen ƙanƙara a zuba cikin kula saboda buɗa-baki. Rannan da ta sake ɗaukewa, na naɗe ta da ɗan tawul na tura cikin kular, a kan ledojin ruwa. Minti goma ta dawo garau, har ina yi wa yara alfahari da dabara. Washegari ƙanwata ta nuna mini hazo a ƙarƙashin gilashin kyamara, irin wanda ke kwanciya a jikin kofin ruwan sanyi. Raɓa ce ta taru a ciki, domin ƙarfe mai zafi ya shiga wuri mai sanyi da laima. Allah ya taƙaita, ta bushe ba ta taɓa komai ba, amma saura ƙiris garin neman gira in rasa ido.

Haka muka lallaɓa har aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. Kwana biyu bayan nan ƙanwata ta kawo mini ita tana cewa, "Yaya, dubi gehen gilashin ga, ya ɗaga." Na ɗora ta kan benci, sai ta riƙa yin ɗingishi, ba ta zama daidai. A gefe ɗaya har farce na shiga tsakanin gilashi da jikinta. Jarrabawa saura mako guda.

Mai gyaran da aka haɗa ni da shi a cikin kasuwa matashi ne, bai kai ni shekaru ba. Na so in danna gilashin in nuna masa inda ya ɗaga, sai ya riƙe mini hannu da sauri.

"A'a Malam, kak ka danna. Batir na ya kumbura. In ya hwashe, wuta za ya yi."

Ya ɗumama gefen, ya zare gilashin a hankali, ya ciro batirin da wani ɗan abu na roba, bai yarda ƙarfe ya taɓa shi ba. Abin da ya kamata ya zama shafal kamar littafin rasit, ga shi ya taso kamar fanke. Ya ce iska ce a ciki, sinadarin batirin ne ke lalacewa yana fitar da ita, kuma zafi ne kan gaba wajen jawo haka. Daga nan ya shiga yi mini tambayoyi kamar likita.

"Ina kaka aje ta in tana caji?"

"Bisa katifa, Injiniya."

"Da wagga riga jikinta?"

"Awo."

"Kuma ana aiki da ita tana caji?"

Na yi shiru. Ya yi dariya ya ce in ba shi labarin yininta tun daga safe, kuma sai da na ji labarin yana fita daga bakina sannan na ga irin azabar da nake gana mata.

Da safe nakan jefa ta cikin but ɗin mashin ɗina roba-roba in tafi makarantar da nake koyarwa a Arkilla. But ɗin nan dab da inji yake, mashin kuma a rana yake yini, kujerarsa baƙa, wadda in ka dawo sai ka yayyafa mata ruwa kafin ka zauna. Wato kafin a fara darasi ta riga ta gasu. In na dawo gida na tarar an kawo wuta, to ai ba a wasa da wuta, sai in maƙala ta a caji nan take, domin ban san lokacin da za a ɗauke ba. Tana cajin yara na aiki da ita. Hasken gilashi na ƙure shi saboda ranar da ke shigowa ta ƙofar zaure. Layin waya na ciki a kunne, ina raba wa yaran data zuwa wayoyinsu, ga shi sabis a cikin zaurenmu sanda ɗaya ne ko biyu, kuma duk lokacin da sabis ya yi rauni na'ura ƙara ƙarfi take yi wajen neman turken sadarwa. Duk wannan yana faruwa tana cikin wata riga ta roba mai kauri da na saya don kada yara su fasa ta. In an tashi darasi kuma a ajiye ta kan katifar soso.

Kowanne daga cikin waɗannan shi kaɗai ba zai kashe ta ba. A hunturu ma duk ina yin su, ban da ƙure haske. Abin da ya canza shi ne iskar gari, kuma nan ne na fi daɗewa ina tunani bayan na dawo gida.

Na je na karanta abin da masu ƙera irin waɗannan na'urori ke rubutawa. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPad a inda zafin wuri yake tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin salshiyos, kuma ko a kashe take kada a ajiye ta inda ya haura 45. Tawa ba iPad ba ce, amma da na duba takardar irin tawa, iyakar aikin 35 ɗin ce dai. To wanda ya san Sakkwato ya san me 35 take nufi a wurinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura 40 sau da yawa, wani lokaci da dare ma ɗaki bai sauko ƙasa da 30 ba, shi ya sa kowa ke fito da shimfiɗa tsakar gida. A bazarar ta 2024 ɗin, farkon Afrilu, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5, mu ma nan mun ɗanɗana rabonmu. Ashe tun kafin in kunna tab ɗin, zafin zauren kawai ya wuce wanda aka ƙera ta ta yi aiki a cikinsa.

Kwamfutar tebur da yawancin na cinya suna da fanka. Tab ba ta da ita. Zafin da ƙwaƙwalwarta da batirinta da fitilar gilashinta ke haifarwa, hanyar fitarsa ɗaya ce: ya bi bayanta da fuskarta ya shiga iska. Zafi kuwa daga wuri mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi. A hunturu iska na karɓe shi da sauri. A bazara, iskar da kanta ta kai 42, ina za ta kai nata? Ni kuma na zo na toshe 'yar hanyar da ta rage da roba da soso. Rage hasken da take yi, da nauyin da take yi wajen buɗe abu, da tsayar da caji, har da mutuwar, duk ba lalacewa ba ne. Kare kanta take yi. Ni da nake ganin tana ba ni kunya gaban ɗalibai, ashe roƙona take in sauke mata kaya.

Batirin shi ne ba ya yafewa. Ƙwaƙwalwa in ta huce ta koma yadda take, amma batirin litiyom duk zafin da ya sha yana rage masa kwana, musamman in ya cika taf kuma yana cikin zafin, ko ana cusa masa caji alhali ya riga ya ɗau zafi. Yanayin da nawa yake yini a ciki ke nan. Mutane da yawa da na ba labarin, abin da suke fara cewa shi ne caja ce. Gaskiya ne cajar bogi na ɓarna, kuma na canza tawa. Amma ni dai ban ga adalci in ɗora wa caja laifin but ɗin mashin ba.

Aka sa sabon batir. Tsohon na so in taho da shi in nuna wa yara, Injiniya ya hana, ya ce kada ya ƙare a bola inda ake cinna wa shara wuta.

Abu mafi amfani da na yi bayan nan bai ci mini ko sisi ba, lokacin darasi na sauya. Muka koma bayan sallar asuba kafin in fita aiki, sai kuma bayan isha'i a tsakar gida. Manomi ma ba ya huɗa da azahar a bazara. Yaran sun yi gunaguni kwana biyu suka saba, kuma na lura su kansu sun fi fahimtar lissafi da safe. Tambayoyi da bidiyon darasi ina sauko da su cikin dare, da rana a kashe data gaba ɗaya. Rigar roba ta koma ta fita waje kawai, in ana aiki ko caji a tuɓe take. Na daina kai ta makaranta sai da dalili, in kuma ya kama, a jakar yadi nake rataya ta.

Matsalar wuta ce ta ɗan ba ni wahala, tunda ba ni ke zaɓen lokacin da za a kawo ba. Sai na sayi fawa-banki. In an kawo wuta da rana shi nake caji a inuwa, can ƙasan ɗaki, domin shi ma batirin litiyom ne, ba a bar shi a taga ba. Cikin dare in gari ya ɗan sassauta sai ya shayar da tab, tana kashe. Na kuma tarar a cikin saitinta akwai wurin da ake hana batir cika ɗari bisa ɗari, ya tsaya wajen 85, na kunna shi. Ba kowace ke da wannan ba, mai ita ya duba tasa.

Sai batun tiren Inna. Tana da wani babban tire na alminiyom da take shanya kuɓewa a kai. Na ɗauko shi na kifa a kan siminti kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, na riƙa kwantar da tab a kai, bayanta na taɓa ƙarfen. Alminiyom na jan zafi ya baza shi, ga faɗi. In an haɗa da 'yar fankar caji tana busawa, cikin mintuna kaɗan sai ka ji ta dawo daidai, ba tare da ruwa ya kusance ta ba. Sharaɗin kawai tiren ya kasance a inuwa yake, wanda ya sha rana sai ya toya ƙwai. Inna ta tsaya tana kallona ranar farko, ta ce, "Yau ga ikon Allah, waya ta samu gado ta bar mai gida bisa tabarma."

Ba zan ce ta daina zafi ba. Kiran bidiyo har yau yana tayar mata da hankali, domin kyamara da gilashi da intanet da ƙwaƙwalwa duk tare suke aiki. In muna gaisawa da yayana da ke Kaduna, muna wuce kwata na awa sai in ji bayanta ya fara, in ce masa mu koma murya. A bazarar da ta biyo baya ma, wata rana cikin Mayu na ɗauke ta da azahar don wani yaro da ya zo a makare, ba a jima ba hasken ya fara dushewa. Wannan karon ban jira rubutun gargaɗi ba, na kashe ta na ɗora kan tire, muka ɗauko alli muka ƙarasa a jikin bango.

Da ruwan farko ya sauka cikin Yuni gari ya yi sanyi, Inna ta aiko ƙanwata ta karɓi tirenta. Ta ce a faɗa mini aro ne, in bazara ta zagayo in sayi nawa.