Abin da na tsinta a finafinan ban tsoro na lokacin yaƙin duniya

Watan jiya na ɗaura niyyar kallon tsofaffin finafinan ban tsoro da aka yi a Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, irin baƙi da farin nan, kullum guda ɗaya bayan isha'i da iyafis a kunne. Ni da abokaina muna shirin ɗaukar gajeren fim ne kuma kuɗinmu bai taka kara ya karya ba, shi ne nace bari in ga yadda masu ƙaramin jari na da suka yi.

Cat People na 1942 ne ya fara kama ni. Kamfanin RKO sun gindaya wa furodusa Val Lewton sharaɗi, kar fim ya ci fiye da dala 150,000, kar ya wuce minti 75, sunan fim ɗin ma su ke zaɓa mai, ga yaƙi ya sa kayan gini sun yi wuya har matakalar benen da ke ciki ta wani fim ce suka ara. Akwai wajen da wata mata ke tafiya ita kaɗai da dare, ƙarar takalmi ƙwas ƙwas a bayanta, sai ya ɗauke ɗif, tana waige tana ƙara sauri kawai sai wani huci ya fashe, wallahi saura kaɗan wayar ta suɓuce min, ashe birkin bas ne. Na maimaita wajen na kashe sautin, sai na ga titi ne kawai da fitilu. Ashe duk tsoron ta kunne ya shige ni.

Na kamfanin Monogram kam sun ba ni tausayi. The Ape Man na 1943, babban jarumi kamar Bela Lugosi an manna mai gashi a fuska yana tafiya a duƙe, kyamara ta haske shi tas, nan take talaucin fim ɗin ya fito fili. A King of the Zombies kuma Mantan Moreland, baƙar fata, ya fi kowa iya wasa amma yaron gida matsoraci mai zare ido aka ba shi, wannan ya min zafi gaskiya.

Mun soke fuskar aljanin da muka so a ɗinka mana, kuɗin mun kai wajen hayar makirfo. Asabar da dare za mu ɗauka a lungun bayan gidanmu da fitila ɗaya.