Ƙafar mai ciwon suga da ta kumbura babu ciwo

Aikin duba masu ciwon suga a Kaduna ya koya mini in ɗora bayan hannuna a kan ƙafafun mutum duka biyu kafin in buɗe katinsa. Idan ɗaya ta fi ɗaya ɗumi, ga kumburi, babu gyambo, mai ita kuma ya tako da kansa yana cewa ba ta damunsa, nan take nake zargin cutar Charcot. Littattafai na cewa ƙafar za ta yi ja, amma a fatarmu sau da yawa duhu da sheƙi kawai ake gani.

Sunan na likitan Faransa ne, Jean-Martin Charcot, wanda ya bayyana ta a 1868 a jikin masu tunjere. Sai a 1936 aka danganta ta da suga. Suga ya daɗe yana cin jijiyoyi har ƙafa ta daina jin taɓi. Ƙaramin ƙashi ya tsage, mutum bai sani ba, ya ci gaba da taka shi zuwa masallaci da kasuwa. Kumburin na ƙara rarake ƙashi, gaɓoɓin tsakiyar ƙafa su saki, tafin ya ruguje ya turo ƙasa kamar gindin ƙwarya. A nan gyambo ke ɓullowa, shi ke kai wa ga yanke ƙafa.

Hoton ƙashi na yaudara a farko, yana iya fita lafiya lau. Hoton MRI, na na'urar da ke leƙa cikin jiki da maganaɗisu, ke nunawa da wuri, to amma mutum nawa ke da kuɗinsa? Don haka muna auna ɗumi: bambancin da ya wuce digiri 2 tsakanin ƙafafun abin dubawa ne. Muna kuma ɗaga ƙafar sama na minti 10. Idan launin ya lafa, ya fi kama da Charcot. Launin da ƙwayoyin cuta suka jawo ba ya lafawa haka.

Maganin shi ne simintin ɗori na asibiti mai rungume ƙafa har ƙasan gwiwa, ana sauya shi duk mako ɗaya ko biyu, na tsawon watanni, har ɗumin ya daidaita. Daga nan sai takalmi na musamman.

Wahalar tana wajen shawo kan mai ƙafar. Wani dattijo mai shago a Kasuwar Barci ya zo bayan an kira abin targaɗe, mai ɗori ya murza, an gasa da ruwan zafi har fata ta saɓule bai ji ba. Da na ambaci siminti sai ya ce, "'Yata, ƙafar da ba ta ciwo za ki ɗaure? Wa zai zauna mini a shago?"

Tun daga nan ba na yin bayanin sai ɗan mutum ko matarsa na wurin, domin su ne za su tsare shago, su kawo buta, su hana shi sauka tsakar gida. Dattijon ya yarda ne da babban ɗansa ya ce zai riƙe makullin shagon.