Abin da sana'ar kifi ta koya min a Tawa

In ka ce ma mutum kana sana'ar kifi a Tawa sai ya tambaye ka ina ruwan yake. To akwai shi, tabkin Tabalak na nan kan hanyar Abalak, masunta na kamo karfasa da tarwaɗa, daga nan muke sarowa mu kawo gari.

Babban darasin da na koya shi ne wahalar kifi daga bakin ruwa take farawa. Masunci ya kwana cikin sanyi yana jan taru, gari na wayewa zafin Tawa ya fara aikinsa, in babu ƙanƙara kafin azahar kifin ya fara sakin jiki, ido ya dushe, dole ka karyar da shi ko ka kai ma mata masu banda da suya, su ma sun san ka matsu, yadda suka taya haka za ka sallama. Kuran ya ɗauke da dare kuma firigo cike da kaya, wallahi ranar ba barci. Shi ya sa duk wanda ya ce min zai shiga sana'ar nan nake ce mishi ya fara lissafin ƙanƙara da mota kafin na kifi.

Nijar ba ta da teku, kifin teku da ake gani cikin kwali a daskare daga tashar Kwatano ko Lome yake zuwa, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 hanya ta yi nisa, kuɗi ya hau. Ga Diffa kuma, a 2015 aka hana cinikin kifin tabkin Chadi saboda Boko Haram, gidaje da yawa da banda ke ciyar da su suka shiga wani hali.

Abin da ke ci min rai shi ne taru mai ƙananan ido. Wani har da gidan sauro yake kwashe 'ya'yan kifi, ma'aikatan gandun daji su zuba iri a tabki a kwashe shi bai girma ba. Na sha faɗa ma wani dattijon masunci, baba wannan ai abincin baɗi ne kuke ci yau, sai ya ce ɗana yara na gida da yunwa. Na san gaskiya ya faɗa, amma ni dai na daina sayen ƙananan, ko da ranar zan koma Tawa da kwando rabi.